Waƙoƙin matan Larabawan ƙauye: tawaye ne ko kuwa kunyar ce ta buɗe musu hanya?

Hauwa'u Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Ina so mu ɗan tattauna kan waƙoƙin baka na matan Badawiyyai, wato Larabawan ƙauye masu kiwon raƙuma da tumaki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙabilar Aulad Ali da ke hamadar yammacin Masar, tun daga wajen Iskandariyya har Marsa Matruh zuwa iyakar Libiya. Matansu suna da wasu ƴan gajerun waƙoƙi da ake kira ginnawa, layi ɗaya ne tal, bai wuce gaɓa 15 ko kusa da haka ba. Wata farfesa Lila Abu-Lughod ta zauna a cikinsu daga 1978 zuwa 1980 ta rubuta littafi a kansu, Veiled Sentiments, ya fito a 1986. Ta ce mace za a sake ta ko a yi mata kishiya ko wani nata ya mutu, a gaban mutane sai ta nuna ko a jikinta, har ta ce ai dama ni ban taɓa son shi ba, amma da an zauna ita da ƙawayenta ana aiki sai ta rera ginnawa ka ji ashe zuciyar ta gama kakkaryewa. To tambayata ita ce wanne ne gaskiyarta, maganar ko waƙar? Kuma wannan tawaye ne ga al'ada ko me?

Jafaru Mai Shayi:
Wa alaikumus salam. Layi ɗaya? To wannan ai ba waƙa ba ce, tes ne 😂

Anti Binta:
Jafaru ka ji ka ko. Ai ba karanta ta ake yi a wuce ba. Mai rerawa takan fara da kalmomin ƙarshen layin ne, ta yi ta maimaita su tana jan murya, ta ƙaro kalma ta sake komawa, sai can daga baya ta kawo farkon layin, a nan ne mai sauraro zai haɗa ya gane inda aka dosa. Layi ɗayan nan sai ya ci mintoci. Kuma yawancinsu ba sabbi ba ne, kowa ya san su, gwanintar ita ce ki san wacce za ki ɗauko a wane lokaci, ko ki sauya kalma ɗaya ta dace da halin da kike ciki. Shi ya sa da mace ta rera, tambayar farko da ake yi ita ce wa ta faɗa, saboda waƙar ba ta da cikakkiyar ma'ana sai an san mai ita da abin da ke damunta.

Hauwa'u akwai wani waje a farkon littafin da nake ganin shi ne amsar tambayarki. Marubuciyar tana taya matar wani makiyayi gasa burodi sai matar ta rera ɗaya, ita kuma ta rubuta a takarda, da dare ta karanta wa maigidan da ya sauke ta. Nan take mutumin ya canza fuska ya ce wa ta faɗi wannan. Sai da ya ji matar makiyayinsa ce sannan hankalinsa ya kwanta, ashe tsoro yake kada a ce cikin matansa ne. Daga baya uwargidan ta yi mata faɗa ta ce kada ta ƙara kai waƙar mata wurin maza. Kin ga kenan su kansu mazan sun ɗauki waƙar a matsayin gaskiyar abin da ke ciki.

Hauwa'u Zariya:
To Anti in haka ne maganar da take yi a fili ƙarya ce kenan

Anti Binta:
A'a ƙanwata, ita marubuciyar ma ba ta yarda da haka ba. Duka biyun nata ne. A wurinsu mutunci shi ne ka mallaki kanka, kada ka nuna rauni, kada ka nuna kana buƙatar wani, mace kuma kada ta nuna sha'awar namiji ko da mijinta ne a gaban manya. Wadda ta daure a fili ba wasan kwaikwayo take ba, da gaske tana son zama mace mai daraja. In ta zo ta rera waƙar sai ya nuna cewa daurewar nan da ta yi ba don ba ta jin zafi ba ne, tana ji ta haɗiye, sai darajarta ma ta ƙaru a idon masu ji.

Maman Walid:
Ni wlh duk bayanin nan ban ji baƙon abu ba. Kakata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, babana kenan, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba, amma a bakin turmi in tana daka ko tana niƙa za ki ji ta sako shi cikin waƙa a kaikaice tana masa kirari. Haka habaicin kishiya da na uwar miji, duk a waƙar daka ake sauke su, kuma babu mai ce miki kin yi rashin kunya don ai waƙa kike yi, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ba sai an je Masar ba.

Abu Fatima:
Ni fa ina da ja a kan wannan zance gaba ɗaya. Na farko wata ce daga jami'ar Amurka ta je ta zauna a gidan mutane ta kwashe sirrin matansu ta buga a littafi duniya tana karantawa, ku kuma kuna yabo. Ba a ce mata kada ta kai wa maza ba? To yanzu maza nawa suka karanta? Na biyu irin waɗannan binciken kullum inda suke dosa ɗaya ne, a nuna macen Musulmi a danne take tana neman hanyar tsira. Na uku ita kanta waƙar, mace da aure tana rera begen wani, ina ce dai ba abin koyi ba ne.

Anti Binta:
Malam Abu Fatima ta farkon kana da hujja, kuma an daɗe ana wannan muhawara a fagen nazarin al'umma. Abin da ta yi shi ne ta sauya sunayen mutanen duka, ba ta faɗi ainihin garin ba. Ko hakan ya wadatar, wannan kowa da ra'ayinsa. Amma ta biyun ka ɗora mata laifin da ba nata ba. Mahaifinta Bafalasɗine ne, Ibrahim Abu-Lughod, shi ya raka ta da kansa ya damƙa ta a hannun mutanen don kada a ɗauke ta yarinyar da ba ta da gata. Kuma ita ce a 2013 ta fitar da littafi sukutum tana sukar Turawan da ke cewa sai sun ceto matan Musulmi. Ta uku kuma, da yawan waƙoƙin ba begen wani ƙato ba ne, begen mijin ne da ya juya baya, ko ɗa da ya yi tafiya, ko uwa da aka rabu da ita saboda aure ya kai yarinya nesa, ko ƙawa.

Malam Sani Nahawu:
Bari in sa baki tunda an zo fagenmu. Malam Abu Fatima in ka ce a ajiye waƙar matan ƙauyen Larabawa to sai mu rufe wani sashe na littattafan da muke karantarwa a zaure. Duk wanda ya yi Ƙaɗrun Nada ko sharhin Ibnu Aƙil a kan Alfiyya ya haddace "wa lubsu aba'atin wa taƙarra aini", baiti ne da ake kafa hujja da shi a waɗannan littattafan na nahawun Larabci. To baitin na waye? Ana jingina shi ga Maisun bintu Bahdal ta ƙabilar Kalb, matar Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, mahaifiyar Yazidu. An ɗauko ta daga ƙauye an kai ta gidan sarauta a Sham, ita kuwa ta ce tantin da iska ke kaɗawa ya fi mata doguwar fada, rigar gashi mai kaushi da kwanciyar rai ta fi mata tufafi masu shara-shara, haushin kare ya fi mata kyanwar gida, har ta kai ga cewa siririn ɗan baffanta mai karamci ya fi mata wani ƙato mai ƙiba. Masu labari suka ce da ya ji sai ya sallame ta ta koma wurin danginta. Akwai masana da ke shakkar ko ita ɗin ce ta yi baitocin, amma dai ɗaruruwan shekaru malamai suna karantar da su ba wanda ya ce haram.

Sannan ga uwa uba Khansa'u, Tumadir bintu Amr ta Banu Sulaim. Marsiyyar da ta yi wa ƴan uwanta Sakhru da Mu'awiya har yau ita ake buga misali da ita. Ta ce fitowar rana tana tuna mata Sakhru, kuma tana tuna shi a kowace faɗuwar rana. Ta kwatanta shi da dutse mai wuta a ƙoƙuwarsa wanda masu jagora ma da shi suke gane hanya. An ruwaito ta rera a kasuwar Ukaz a gaban babban mawaƙi Nabiga, ta riski Musulunci ta musulunta, kuma littattafan tarihin sahabbai sun kawo cewa ƴaƴanta 4 sun yi shahada a Ƙadisiyya zamanin Sayyidina Umar. Abin da aka hana shi ne niyaha, kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Shi kuwa shi'iri, a Bukhari ya zo cewa a cikinsa akwai hikima.

Jafaru Mai Shayi:
Kai Malam, ƙato mai ƙiba 😭 matar sarki guda. Ni da a ce ni ne da na rage cin tuwo kawai an zauna lafiya

Malam Sani Nahawu:
Jafaru ai Khansa'un ma ba ta da sauƙi. Duraidu bin Simma, jarumi kuma babban mawaƙin Hawazin, ya nemi aurenta yana tsoho ta ce ba za ta bar samarin danginta ta auri wanda yau ko gobe ne ba. Wani abu kuma da zai ba Hauwa'u sha'awa, su Aulad Ali ɗin da ta fara da su suna danganta asalinsu ga Banu Sulaim ɗin nan ne, waɗanda suka kwararo arewacin Afirka tare da Banu Hilal a ƙarni na 11, suka daɗe a gabashin Libiya kafin su gangaro Masar.

Abu Fatima:
Malam Sani ban musa maka Khansa'u ba, Allah ya ƙara mata yarda. Amma ka lura ita ɗan uwanta ta yi wa kuka a fili da sunanta da sunansa, tana yabon karamci da jarumta. Wannan daban da waƙar da ake ɓoyewa kada maza su ji. Abin da ake ɓoyewa akwai dalili.

Hauwa'u Zariya:
Amma Malam Abu Fatima wannan ma ai abin dubawa ne. Me ya sa galibin abin da ya iso mana na matan zamanin jahiliyya marsiyya ce, kukan ɗan uwa ko uba da aka kashe da kiran a ɗau fansa? Yana yiwuwa a ce matan can ba su san so ba, ba su san kishi ba, ba su yi wa jariri waƙa ba? Ni gani nake maza ne suka tattara suka rubuta, su kuma abin da ya fito dandali kawai suka ji, na cikin tanti ya mutu da masu shi

Malam Sani Nahawu:
Kusan haka ne, sai dai ba duka ba. Ga Laila Al-Akhyaliyya a zamanin Banu Umayya, labarinta da Tauba bin Humayyir sananne ne, ya so ta aka hana shi aka aurar da ita ga wani, da aka kashe shi ta yi masa marsiyyoyi kuma ta tsaya gaban Hajjaju ta yi waƙa. Amma kin ga ita ma ta ƙofar marsiyya ta bi. Sai da ya mutu ta sami damar faɗin abin da ke ranta.

Zainabu Nyala:
Sannunku ƴan uwa, ina biye da ku daga nesa. Ni Bahaushiyar Sudan ce, a Darfur ta kudu na tashi, kuma ina so in ce kada ku ɗauka duk waƙar matan makiyayan Larabawa raɗa ce a bayan tanti. A wurinmu cikin Baggara masu shanu, irin su Rizeigat da Bani Halba da Habbaniya da Misseriya, akwai mace da ake ce wa hakkama. Wannan a tsakiyar taro take tsayawa kowa na ji. In ta yabe ka ka shiga gari, in kuwa ta yi maka zambo cewa kai matsoraci ne ko marowaci to wallahi sai ka rasa matar aure, wani barin garin yake yi gaba ɗaya, saboda yara za su ɗauki waƙar har ƙauyukan da ba ka taɓa zuwa ba. Manyan mutane tsoronta suke ji suna ba ta kyauta don bakinta.

To amma ga inda abin ya yi muni. Da yaƙi ya ɓarke a 2003 wasu hakkamomin sun zuga samari, wanda ya ƙi fita a yi masa waƙar ragwanci. Amnesty ta kawo shaidar mutane a rahotonta na 2004 cewa akwai matan da suka raka maharan suna waƙa. Gwamnatin Bashir ma ta jawo su jiki tana amfani da su a tarurruka. Wata ƴar Sudan Suad Musa ta rubuta littafi a kansu a 2018. Daga baya ƙungiyoyi suka riƙa tara su ana roƙon su juya waƙar zuwa sulhu, wasu sun juya. Shi ya sa in na ji ana cewa muryar mata muryar zaman lafiya ce sai in yi shiru kawai. Mu mun ga wadda baitinta ya tura yaro ya je bai dawo ba.

Maman Walid:
Innalillahi. Allah ya kawo muku zaman lafiya Zainabu. Su Baggaran nan su ne dangin Shuwa na Borno ko?

Zainabu Nyala:
Amin Maman Walid na gode. E, zuri'a ɗaya ce ta shimfiɗu tun daga tafkin Cadi har Kordofan, Larabcinsu ma kusan ɗaya ne, kuma a Cadi ma akwai hakkama.

Anti Binta:
Zainabu kin kawo abin da ya rushe tambayar da aka fara da ita ma. Ita hakkama ba tawaye take wa tsarin ba, ita ce ƴar sandansa. Ita ke tabbatar da cewa namiji ya zama yadda ƙabila take so. Ita ma ginnawa in an duba da kyau dattawan ba su tsane ta ba, suna sonta, suna kuka in sun ji mai kyau, labaran soyayyar da suke ba ƴaƴansu cike suke da ita, alhali su ne masu aurar da yarinya ga ɗan baffanta ko tana so ko ba ta so, don a wurinsu ɗan baffa shi ke da haƙƙin farko a kanta. Mutanen da suke alfahari da cewa ba mai juya su dole su girmama wanda ya ƙi a juya shi ko da a waƙa ne.

Hauwa'u Zariya:
To Anti in waƙar ba ta hana a yi mata auren dole ba meye amfaninta? Ta yi kuka mai daɗin ji an ce Allah sarki an kai ta ɗakin. Ni wannan ne ke ba ni haushi, kamar an ba ta waƙar ne don ta huce kada ta yi abin da ya fi haka

Anti Binta:
Wani lokaci haka ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wani lokacin waƙar tana isa kunnen da ya kamata, uwa ta ji, goggo ta ji, su san yarinyar nan fa da gaske take, su bi ta ƙarƙashin ƙasa su lalata maganar. Akwai wani labari da ita Abu-Lughod ta kawo a wata maƙala daga baya, wani saurayi aka hana shi auren wata yarinya ƴar danginsu saboda iyayensu maza sun yi faɗa, ya tafi Libiya, aka aurar da ita, shi kuma ya ɗauki ginnawa a kaset ya aiko mata, aka ce ta saurara ta faɗi ta mutu. Wanda ya kunna wa marubuciyar kaset ɗin yana tausayinsu shi ne dattijon gidan da take zaune, mai ƴaƴa mata da shi ma zai aurar. Irin wannan labarin in yana yawo kowane uba sai ya yi tunani sau biyu.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa daga Nijar. Abin da Maman Walid ta faɗa na turmi ya sa ni dariya don mu nan wurin Buzaye turmin ne ma ake mayarwa ganga, a ɗaura masa fata a jiƙa ta, shi ne tende, mata su zauna su kewaye shi suna tafi ɗaya tana bada waƙa, maza kuma suna zagaye su a kan raƙuma. Su ba Larabawa ba ne amma rayuwar hamadar ɗaya ce. Sai kuma Larabawan Muritaniya masu Hassaniyya, matansu suna da tebra, ita ma ƴar guntuwa ce ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya, ta soyayya ce zalla kuma ƙa'idarta ba a sanin wadda ta yi ta. Yarinya za ta faɗa wa ƙawarta, ƙawar ta faɗa wa wata, kafin a jima ta zagaye gari har ta je kunnen wanda aka yi dominsa, ba mai iya nuna ta da yatsa.

Jafaru Mai Shayi:
Wato dai tun kafin a ƙirƙiro fek akawun matan Muritaniya suna da nasu

Abu Fatima:
Ka ga Ɗan Agadas ya ƙara min hujja. In abin kirki ne me ya sa ake ɓoye suna?

Maman Walid:
Haba Malam, kai matarka tana kiran sunanka a gaban babanka? Rashin kirki ne ya sa take ɓoyewa?

Abu Fatima:
Hajiya wannan kunya ce, daban ne

Maman Walid:
To ai ita muke ta faɗa tun ɗazu

Usman Riyad:
Ni ina aiki a Saudiyya, bari in kawo muku na yanzu-yanzu. Nan waƙar Badawiyyai da Larabcin gargajiyarsu ana ce mata nabaɗi, kuma ba abin wasa ba ce, sarakuna ma suna yi. Akwai gasar talabijin da ake yi a Abu Dhabi, Sha'irul Milyon, mutane suna zaɓe ta waya. A 2010 wata ƴar Saudiyya Hissa Hilal, wadda ta tashi a cikin Badawiyyai kuma ta daɗe tana buga waƙa a jaridu da sunan aro Rimiya, ta zama mace ta farko da ta kai zagayen ƙarshe. Da niƙabinta ta tsaya, idonta kawai ake gani, ta yi waƙa tana sukar masu sakin fatawa barkatai suna halatta jinin mutane. An yi mata barazanar kisa a intanet, ba ta janye ba, ta zo ta 3 ta tafi da dirhami miliyan 3. Kuma ita ce ta tattara waƙoƙin matan ƙauye na kafin 1950 a kan saki da khul'i ta buga, don ta nuna cewa kakanninsu mata suna faɗa wa miji ba na yi da kai a cikin baiti kuma ƙabila ta saurara. A Daular Larabawa kuma akwai Ausha bintu Khalifa Assuwaidi da ake kira Fatatul Arab, an haife ta a Al Ain a 1920 ta rasu a 2018, har musayar baitoci ta yi da Shaikh Muhammad bin Rashid na Dubai.

Malam Sani Nahawu:
Malam Usman ka tuna min da Bakhut Almurriyya ta ƙabilar Al Murra, ita ma begen tantin gashi ta yi a kan gidan ƙasa, ka ce Maisun ce ta dawo bayan shekara dubu da ɗoriya. Irinsu da ba don Abdullahi bin Raddas ya bi ya tattara a littafinsa Sha'irat minal Badiya ba da yawancinsu sun ɓace, kuma a kan tarin nasa ne Munira Algadir ta yi nata nazarin da ya fito a 2009.

Hauwa'u Zariya:
To kun ga ci gaba kenan, daga raɗa a bakin murhu zuwa talabijin da miliyoyi

Anti Binta:
Ni fa a nan ne ba na saurin tafi. Hissa jaruma ce ba musu, amma abin da ta yi ƙasida ce doguwa da aka tsara don alƙalai da ƴan kallo, ba ita ce ƴar waƙar da mace ke yi tana tankaɗe ba. Ita waccan ki duba abin da ya same ta a wurin Aulad Ali. Da suka bar tanti suka shiga gidajen bulo, aka samu rediyo da talabijin, ayyukan da mata ke taruwa su yi tare suka ragu, ƴan mata suka fi son waƙoƙin Alƙahira. Da kaset ya zo a shekarun 1980 ginnawa ta samu kasuwa, amma wa ke shiga a ɗauki muryarsa a sayar? Samari. Mace mai mutunci ba za ta bari a riƙa sayar da muryarta a kasuwar Matruh baƙi suna ji ba. Sai ya zama fasahar da mata suka fi riƙewa ta koma hannun maza matasa suna yaƙar iyayensu da ita a kan aure da kuɗi. Na'urar ta adana waƙar ta bar masu ita a waje.

Maman Walid:
Mu ma ai injin niƙa ya cinye waƙar niƙa. Ƴata ko ɗaya ba ta sani ba, in ranta ya ɓaci sitatus take sawa a WhatsApp

Jafaru Mai Shayi:
Kuma shi ma layi ɗaya ne, kuma shi ma sai an tambaya da wa take 😂 Anti Binta a rubuta littafi

Abu Fatima:
To ni a nan na fi yarda da matan Aulad Ali ɗin da suka ƙi kaset a kan ku masu son a watsa. Sun san waƙar ta waye kuma sun san wa ya kamata ya ji.

Anti Binta:
Ka ga yanzu kai ne kake kare waƙar da ka ce ba abin koyi ba ce Malam 😄

Abu Fatima:
Sirrinsu nake karewa Anti ba waƙar ba

Zainabu Nyala:
Ni kuma da za a tambaye ni, gara a ɗauka a ajiye ko da ba za a watsa ba. Tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da na reno da na tashin ayari a wurinmu yaƙin nan na 2023 ya tarwatsa su, wasu suna sansani a Adre cikin Cadi wasu sun rasu a hanya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsu sai ta masu zuga yaƙi, ita ce ta cika YouTube.

Hauwa'u Zariya:
Usman don Allah littafin Hissa na waƙoƙin saki ana samunsa a shagunan littattafai a nan Riyad? In akwai ina so, sai Malam Sani ya taimaka mana da fassara don nabaɗin nan ya fi ƙarfin Larabcina

Malam Sani Nahawu:
Nima sai na nemi taimako, Larabcin zaure daban na Najdu daban. Amma a kawo mu gwada.

Usman Riyad:
Zan duba ranar Juma'a in na fita in sha Allah, in ban samu sabo ba akwai masu sayar da tsofaffin littattafai